Littafin Shekara: Yadda Amurkawa Ke Adana Ƙuruciyarsu

A gidajen Amurkawa da yawa akwai wani littafi mai kaurin bango wanda ba a yar da shi ko an yi ƙaura sau nawa. Makarantar sakandare ce ke fitar da shi a ƙarshen shekarar karatu, wajen Mayu ko Yuni, kuma ɗalibai ne da kansu ke haɗa shi, da malami ɗaya mai sa musu ido. Su ne masu ɗaukar hoto, su ne masu tsara shafi, su ne kuma ke bin shagunan gari neman talla, daga mai aski zuwa mai gidan mai, don a rage kuɗin bugu. Daga nan sai a miƙa aikin ga kamfani irin Jostens na jihar Minnesota, wanda kuma shi ne ke ƙera wa makarantu da yawa zoben da 'yan ajin ƙarshe ke sawa.

Sakandaren Amurka shekara huɗu ce, daga aji 9 zuwa aji 12, kuma 'yan aji 12 ne masu gida a littafin. Hotunansu sun fi na kowa girma: samari cikin kwat, 'yan mata an sha gyaran gashi. A ƙarƙashin kowane suna a jera ƙungiyoyin da ɗalibi ya shiga da wasannin da ya buga. Ƙannensu kuwa a cusa su cikin ƙananan hotuna, sahu-sahu, su jira tasu shekarar.

Inda littafin ya fi daɗin dubawa shi ne shafukan ƙungiyoyi. Ga 'yan muhawara, ga 'yan wasan kwaikwayo, ga masu buga jaridar makaranta, ga 'yan badujala da kayan sarki da ganguna. A garuruwan karkara za ka ga samari cikin shuɗiyar jaket ta ƙungiyar manoman gobe, wadda aka kafa a 1928. Yaro ya kiwata maraƙi da hannunsa, ya kai shi bajekolin gunduma a gwada da na tsara. Sai a 1969 aka yarda mata su shiga wannan ƙungiya. Kafin nan tasu daban ce, ta koyon ɗinki da girki da riƙon gida, wadda aka kafa a 1945. Wanda ya jera littattafan makaranta ɗaya na shekaru talatin zai ga sauyin ƙasa da idonsa, musamman a shafukan wasanni. A tsofaffin bugu, maza ne ke cike da fili, mata kuwa yawancinsu suna gefe cikin rigar bai ɗaya, suna rawa da kirarin zuga 'yan wasa. Bayan dokar 1972 da ta hana nuna wa mata bambanci a makarantun da ke cin kuɗin tarayya, sai hotunan 'yan mata masu ƙwallon kwando da tsere suka fara cin shafuka.

Bukukuwan shekara ma suna da nasu shafukan. Daren Juma'a na lokacin kaka na ƙwallon ƙafa irin ta Amurka ne, wadda ake runguma a ruga da ita. A ƙananan garuruwan Texas, kusan kowa filin makaranta yake nufa. A cikin wannan kaka ake ware mako guda na dawowar tsofaffin ɗalibai: a yi jerin gwanon motoci da aka ƙawata, a zaɓi sarauniya daga 'yan ajin ƙarshe, a naɗa mata kambi ana tsakiyar wasa. Idan bazara ta zo sai babbar rawar bankwana da suke kira prom, inda saurayi ke hayar kwat, ya sayi fure ya ɗaura wa abokiyar rakiyarsa a hannu, iyaye na ɗaukar hoto a ƙofar gida. Wannan ya yi nisa da tarbiyyarmu, ba na kuma yi wa 'ya'yanmu sha'awarsa, amma a wurinsu daren nan shi ne shaidar yaro ya kawo ƙarfi.

Akwai al'adar da nake ganin tana da cutarwa. Ɗalibai kan jefa ƙuri'a su fitar da wanda ya fi kowa barkwanci, da wadda ta fi iya ado, da wanda ake sa ran zai fi kowa ɗaukaka a duniya, a buga hotunansu a shafi na musamman. A bayan littafin kuma akwai jerin sunaye, kowane da lambobin shafukan da ya fito. Wani lambobinsa su cika layi biyu, wani kuwa lamba ɗaya tak. Yaron da ke fita aji ya wuce wurin aiki don taimakon iyayensa, ba shi da lokacin ƙungiya, shi ne mai lamba ɗayan nan, kuma haka zai riƙa ganin kansa duk ranar da ya buɗe littafin har tsufa. Abin da ke rage zafin shi ne ranar rabo. Kowa ya rungumi nasa yana zagaye, aboki ya rubuta wa aboki a fararen shafuka, wani fatan alheri na hutu, wani alkawarin ba za a rabu ba, malami ma ya sa hannu. Wannan rubutun biro shi ne ke sa kowane kwafi ya zama na mai shi kaɗai.

Masana tarihi ma sun gane amfaninsa. A 1942 gwamnatin Amurka ta kwashe mutane 'yan asalin Japan kimanin 120,000, mafi yawansu 'yan ƙasa, ta tsare su a sansanoni. Yaran da ke sansanin Manzanar a California, a bayan waya mai ƙaya, sai da suka buga nasu littafin shekara a 1944, da hotunan aji da na ƙungiyoyi kamar kowace makaranta. Abin yana taɓa zuciya: ƙasarsu ta ƙi su, su kuma sun riƙe al'adarta gam. A jihohin kudu, littattafan farkon ƙarnin da ya wuce suna nuna wariyar launin fata ba tare da sun ambace ta ba, domin makarantar farare ba baƙar fuska ko ɗaya, baƙaƙe kuma suna da nasu makarantun da nasu littattafan. Kotun Ƙoli ta soke wannan tsari a 1954, amma al'ada ta fi doka taurin kai. A gundumar Wilcox ta jihar Georgia, sai a 2013 ɗalibai suka shirya rawar bankwana ta farko da ta haɗa baƙi da fari.

Abin da yaro ya rubuta yana ɗan shekara 17 kuma yana iya biyo shi. Littafin makarantar Punahou ta Hawaii na 1979 yana ɗauke da hoton wani ɗan ƙwallon kwando da ake kira Barry, wato Barack Obama. A 2018, da ake tantance Brett Kavanaugh don zama alƙalin Kotun Ƙoli, sanatoci sun buɗe shafinsa na 1983 suna tambayarsa ma'anar kalmomin da ya rubuta, duniya na kallo.

Yanzu ɗakunan karatu da yawa a Amurka sun ɗauki hoton waɗannan littattafai sun zuba a intanet, jika yana iya ganin fuskar kakarsa tana budurwa. Mu ma tsofaffin makarantun kwananmu sun buga mujallu, an ɗauki hotunan gidajen kwana da na 'yan wasa da na shugabannin ɗalibai, amma yawancinsu suna cikin adaka gara na ci. Ƙungiyoyin tsofaffin ɗalibai, ku da kuke taruwa duk shekara, ku nemi waɗannan takardu tun masu sanin sunayen da ke cikin hotunan suna raye, a rubuta sunan kowa, a kai kwafi Arewa House da ke Kaduna.