Kafin Ka Raba Ƙwayar Maganin Ciwon Damuwa

Jama'a, ciwon damuwa ciwo ne kamar sauran cututtuka. Mai shi yakan rasa barci, ya daina jin daɗin abinci, ya ƙi shiga mutane. A asibiti ana ba da ƙwayoyi irin su amitriptyline, sertraline da fluoxetine. Idan mutum ya sami sauƙi, yawanci yakan ci gaba da sha na aƙalla wata 6. Bayan haka likita zai iya cewa a fara ragewa.

To, a nan ne ake yin kuskure. Wani da ya ji garau sai ya ajiye magani rana ɗaya. Jiki kuwa ya riga ya saba da shi. Cikin 'yan kwanaki sai jiri ya zo, da tashin zuciya, da munanan mafarkai, da saurin fushi. Wasu ma sukan ji kamar lantarki yana jan su a ka. Mutanen gida sai su ce iska ce. Ba iska ba ce, gaggawar barin magani ce. Shi ya sa ake ragewa kaɗan-kaɗan, cikin makonni ko watanni. Wani lokaci ragewar takan kai ga raba ƙwaya biyu.

Amma ba kowace ƙwaya ake rabawa ba. Ɗauki taka ka duba. Idan akwai tsaga a tsakiyarta, yawanci an yi ta ne don a raba. Misali, sertraline mai miligiram 50 takan zo da tsaga, rabinta ya zama 25. Sannan karanta jikin kwalin. Idan ka ga haruffan SR, ko XR, ko XL, kada ka taɓa ta. Irin wannan an yi ta ne ta riƙa narkewa sannu a hankali a ciki. In ka fasa ta, maganin yini guda zai shiga jiki lokaci ɗaya. Kafso ma ba a yanka shi. Ƙwaya ƙarama mai santsi, wadda ba ta da tsaga, gara ka nemi likita ya rubuta maka mai ƙaramin ƙarfi.

Kada ka gutsura da haƙori. Kada ka sa wuƙar yanka albasa. Rabin zai fito wani babba wani ƙarami, sauran ya zama gari. Akwai ɗan abin yanka ƙwaya da ake sayarwa a manyan kemis. In babu, roƙi mai ba da magani a asibiti ya nuna maka yadda za ka yi. Wanke hannu, ka bari ya bushe. Raba ƙwaya ɗaya kawai, ka sha rabi yau, rabi gobe. Kada ka zauna ka yanke na wata guda, domin zafi da laimar damina suna ɓata wadda aka buɗe cikinta. Ɓoye ragowar inda yara ba sa kaiwa. Amitriptyline tana da haɗari ƙwarai ga ƙaramin yaro.

Matakin ƙarshe ya fi wuya. Daga rabi zuwa dainawa, jiki ya fi jin canjin, don haka a nan ake ƙara yin sannu. Idan jiri ko rashin barci ya yi yawa, koma wurin likita, zai iya mayar da kai adadin baya na ɗan lokaci. Idan kuma tunanin cutar da kanka ya zo maka, faɗa wa wani na kusa, ku tafi asibiti a ranar.