Ƙurajen Aski: Laifin Reza Ne Ko Na Mai Riƙe Da Ita?

Mutum zai aske hammata ko mara da daddare, bayan kwana biyu sai ga ƙuraje sun feso, ga ƙaiƙayi, ga zafi idan gumi ya taɓa wurin. Da yawa sukan ce jikinsu ne ba ya son reza. Amma asalin matsalar tana cikin irin gashinmu. Gashin baƙar fata murɗaɗɗe ne. Idan reza ta yanke shi ƙasa-ƙasa, bakinsa yakan yi tsini. Da ya soma tsirowa, maimakon ya miƙe sai ya lanƙwashe ya soki fata, ko ya naɗe a ciki bai fito ba. Jiki kuma sai ya ɗauke shi kamar ƙaya ce ta shige shi, wurin ya kumbura, wani lokaci har da mugunya, in ya warke ya bar baƙin tabo. Saboda haka wanda ya fi matsa wa kansa sai askin ya yi sumul, shi ya fi shan wahala.

Barin gashin kuwa ba mafita ba ce. Ga zafin ƙasarmu, ga kuma karantarwar addini: hadisin Anas da ke cikin Sahihu Muslim ya nuna kada gashin mara da na hammata su wuce kwana 40. Sai dai babu wanda ya ce a riƙa bin wurin da reza kullum. Fata tana buƙatar hutu.

Ku lura da wanzami. Ba ya ɗora aska sai ya jiƙa gashin, ya murza shi da tafin hannu, ya sake jiƙawa. Ba ɓata lokaci yake yi ba. Busasshen gashi tauri gare shi, reza kan fizge shi ne kafin ta yanke. Shi ya sa ƙarshen wanka da ruwan ɗumi ya fi dacewa da aski. In gashin ya yi tsawo, a fara rage shi da almakashi. Sannan a shafa man aski, in babu a sami sabulu mai laushi marar turare a tayar da kumfa sosai. Askin bushe, musamman a lokacin hunturu da fata ke tsattsagewa, neman ciwo ne da gangan.

Sai batun jan rezar, inda akasari ake yin ɓarna. A shafa wurin da yatsa a ji inda gashin ya kwanta, a bi shi ta nan, kada a tare shi ta gaba. A hammata gashi kan kwanta ta fuskoki daban-daban, don haka sai an yi haƙuri. Kada a danna, kada a ja fata ta miƙe, domin da an sake ta gashin zai koma ƙarƙashinta. Wuri ɗaya sau ɗaya, in ya yi yawa sau biyu, ana ɗauraye rezar bayan kowane ja. Rezar nan mai baki uku ko biyar da ake yi wa talla ta fi aske gashi tas, kuma wannan ne aibinta ga mai murɗaɗɗen gashi. Mai baki ɗaya ta fi sauƙi. Wanda ƙuraje suka dame shi ya koma kilifa, ya bar ɗan tsiron gashi.

In reza ta dakushe a jefar da ita. Bayan aski biyar zuwa bakwai ta gama aikinta. Kada a ajiye ta a jiƙe a makewayi ta yi tsatsa. Kuma ko tsakanin miji da mata, ko wa da ƙani, kowa ya riƙe tasa. Ƙwayar cutar hanta nau'in B tana iya kwana bakwai da ranta a jikin busasshen jinin da ido ba ya gani, ban da haɗarin ƙanjamau.

Bayan an gama, a wanke da ruwan sanyi, a tsane da tawul ba tare da gogawa ba, a shafa man kaɗanya kaɗan. Turare da sifirit su jira zuwa gobe. Raɗaɗin da suke sawa ba alamar magani ba ne. A sa kamfai na auduga mai sakewa.

In ƙurajen sun riga sun fito, a ajiye reza na tsawon makonni, a riƙa gasa wurin da tsumma mai ɗumi. Kada a matse, kada a tone da allura. Masu shafa man birki ko kalanzir su daina, ƙone fata kawai suke yi. Haka mayukan da ake saya a kemis ba da sanin likita ba: da yawansu na ɗauke da sinadarin da ke sa fata ta yi siriri idan an daɗe ana shafawa. Man cire gashi irin su Veet kuwa, a gwada shi a ɗan wuri a jira kwana guda, kada a wuce mintocin da aka rubuta, kuma kada ya kusanci al'aura. Ƙurajen da suka yi tauri suna girma, musamman a ƙeya, ko masu zubar da mugunya, na likitan fata ne. Mai ciwon sukari kuwa, ko ɗan yanka ya samu ya ga bai kama hanyar warkewa ba, ya tafi asibiti.