Mayya Ma Tana Da Nata Labarin

Jama'a, duk wanda ya taɓa zama gaban kakarsa da dare ya san yadda tatsuniya take. Dodo mugu ne, kishiyar uwa azzaluma ce, ba kuwa mai tambayar abin da ya mai da su haka. To, a Amurka marubuta da masu shirya silima sun ɗauki wannan tambaya da gaske.

A shekarar 1959 kamfanin Disney ya yi fim na zane mai suna Sleeping Beauty, daga wata tsohuwar tatsuniyar Turai. A ciki wata aljana, Maleficent, ta yi wa 'yar sarki baki don ba a gayyace ta suna ba. A 2014 kamfanin ya sake ba da labarin daga ɓangaren aljanar, Angelina Jolie ce ta fito a matsayinta. Ashe uban yarinyar, Stefan, masoyinta ne tun suna yara. Shi ne ya ba ta abin sha ta yi barci, ya yanke mata fukafukai domin ya sami sarauta.

Kafin wannan, a 1995, Gregory Maguire ya rubuta littafin Wicked a kan mayyar ƙasar Oz, wadda L. Frank Baum ya ƙago a 1900. Ya sa mata suna Elphaba, ya nuna an haife ta da koriyar fata, mutane suka guje ta tun tana jaririya. An mai da littafin wasan dandali a 2003, sa'an nan fim a 2024.

'Ya'yanmu a Agege da Sabon Ibadan suna kallon irin waɗannan. Akwai amfani a ciki, domin mu mazauna nesa da gida mun san zafin a yanke wa mutum hukunci ba a ji ta bakinsa ba. In ɓera da sata, daddawa ma da wari.

Amma fa jin dalili ba yafe laifi ba ne. Jaririyar nan ba ta yanke fiffiken kowa ba. Maleficent kanta ta yi nadama, ta nemi warware bakin, ta kasa.

Saboda haka in ɗanka ya gama kallo, tambaye shi wa ya cuce ta, sa'an nan ka tambaye shi ita kuma wa ta cuta.