Yadda A Ke Yin Gadon Wasa Wuƙa A Gida

Babu gidan da ba a aiki da wuƙa. Da ita uwargida ta ke yanka albasa da kuɓewa, da ita mahauci ya ke fawa, da ita baduku ya ke yanka fata, da ita kuma a ke yanka ragon Layya. Amma kowace wuƙa, ko ta maƙera ce ko ta kanti, in an daɗe ana aiki da ita sai ta dakushe.

Dakusasshiyar wuƙa kuwa mugun abu ce. Ba ta shiga abin da a ke yankawa sai an danna ta da ƙarfi. In an danna ta zame, sai ta faɗa a kan yatsa, ta yi rauni mai zurfi. Dabba ma tana shan wuya a hannun mai irin wannan wuƙa. Shi ya sa addinin Musulunci ya umurci mai yanka ya wasa wuƙarsa da kyau, don kada dabbar ta wahala. Saboda haka sanin washi ba ƙaramin ilmi ba ne.

Mene Ne Kaifi?

Ruwan wuƙa yana da fuska biyu. Daga baya yana da kauri, amma yana ta ƙara sirancewa har fuskokin nan biyu su haɗu a baki. To, wurin da suka haɗu shi ne kaifi. In an yi ta yanka, sai bakin nan ya lanƙwashe, ko ya guntule, ko ya zama kamar dunƙule. Washi shi ne a goge ƙarfe kaɗan daga kowace fuska, har su sake haɗuwa a wuri guda siriri.

Me ya sa dutse ya ke cin ƙarfe? Dutsen washi cike ya ke da 'yan ƙwayoyi irin na rairayi, waɗanda suka fi ƙarfen wuƙa tauri. In an goga wuƙa a kansa, kowace ƙwaya sai ta kankare ɗan ƙarfe. Baƙin ruwan nan da a ke gani a kan dutse lokacin washi, garin ƙarfe ne da garin dutse suka gauraya.

Ba a kwantar da wuƙa shame-shame a kan dutse, ba a kuma tsai da ita tsaye. Ɗan karkata ta a ke yi. Wannan karkata ana auna ta da digiri. Ga hanya mai sauƙi ta gane ta. A ɗauki takardar littafi, a dubi kusurwarta. Wannan digiri 90 ke nan. A ninke kusurwar biyu, ta koma digiri 45. A sake ninkewa, ta koma digiri 22 da rabi. Karkatar da ta dace da wuƙar girki kusa da wannan ta ke, watau wajen digiri 20 a kowace fuska. Wuƙar da a ke so ta yi kaifi ƙwarai a kan ba ta digiri 15, amma bakinta ba ya jimrin abu mai tauri. Wadda za ta sha aikin ƙarfi, kamar saran ƙashi, a kan ba ta digiri 25.

Inda Wuyar Ta Ke

Wuyar washi duka a wuri ɗaya ta ke, watau riƙe karkata guda tun daga farko har ƙarshe. Tsohon mahauci ko wanzami ya iya wannan da hannu kawai, domin ya shekara da shekaru yana yi. Amma hannun ɗan koyo rawa ya ke yi. Wannan gugar ya ɗaga bayan wuƙa, waccan ya sauke. Ya kan yi ta gumi, dutse na ta cin ƙarfe, wuƙa na ta ƙanƙancewa, amma kaifi bai zo ba. Ta haka wuƙar da za ta yi shekaru ta kan ƙare da wuri, kuɗin maigida su tafi a banza.

Maganin wannan shi ne a yi wani abu da zai riƙe wuƙa kam, ya kuma bi da dutse a kan karkata guda. A Ingila da Amurka ana sayar da irin wannan abu a kantuna, na ƙarfe ko na roba. Amma ba sai an saya ba. Duk mai zarto da guduma yana iya yinsa a gida da guntayen katako. Tun da wuƙa kwanciya ta ke yi a kansa, ana iya kiransa gadon washi.

Kayan Da A Ke Bukata

Na farko, faffaɗan katako mai tsawon santimita 40, faɗinsa 15. Shi ne gindin gado. Na biyu, guntun katako mai tsawon santimita 12, faɗi 8, kauri 4. Shi ne matashin da wuƙa za ta kwanta a kai. Na uku, katako mai tsawon santimita 25, wanda za a kafa tsaye. Shi ne ginshiƙi. Na huɗu, miƙaƙƙiyar sandar ƙarfe mai kaurin fensir, tsawonta santimita 60. Na biyar, siririn katako mai tsawon santimita 20, wanda zai ɗauki dutse. Na shida, ɗan fallen ƙarfe marar kauri, da ƙusoshi biyu masu noti, don matse wuƙa. Maƙeri yana iya yanko fallen ya huda shi. Sa'an nan sai ɗan dutsen washi mai shafaffiyar fuska, da ƙusoshi, da gam, da rula, da fensir.

In ba a sami ƙaramin dutse ba, samfefa tana yi, watau takardar nan mai yashi da kafintoci su ke goge katako da ita. A nemi irin wadda ruwa ba ya ɓata ta, a manna ta a kan shafaffen katako. A bayanta akwai lamba. In lambar ƙarama ce, yashin yana da kaushi. In babba ce, yana da laushi. Lamba 400 ta yi daidai da fara aiki, lamba 1000 kuwa da gamawa.

Yadda A Ke Haɗa Shi

Da fari a buga matashi a bakin gindin gado, ta gaba. A ɗora fallen ƙarfe a kansa, a huda katakon daidai ramukan fallen, a zura ƙusoshin nan masu noti. A sa su can baya, yadda bayan wuƙa zai jingina da su, kada kuma kawunansu su yi tsawo har su tare dutse. In an zura wuƙa ƙarƙashin fallen, aka ɗaure noti, ba za ta motsa ba. A bar bakinta ya leƙo gaban matashi da santimita 1, ƙotarta kuma ta fita ta gefe.

Bayan haka a auna santimita 29 daga gaban matashi zuwa baya, a ja layi, a kafa ginshiƙi a nan. In an haɗa da santimita 1 da bakin wuƙa ya leƙo, tsakanin kaifi da ginshiƙi ya zama santimita 30 cif. A tokare ginshiƙin da wani guntun katako ta baya, don kada ya yi girgiɗi.

Sa'an nan a manna dutse a ƙarƙashin siririn katakon nan, a bar wuri ta ƙarshe ɗaya don riƙo. Tsakanin wurin riƙo da dutse a gicciya ɗan katako, ya zama garkuwar yatsu. A kwantar da sandar ƙarfe a bisa katakon, a danne ta da lanƙwasassun ƙusoshi, a bar santimita 40 na tsawonta ya wuce gaba.

Yanzu saura aikin da ya fi kowane muhimmanci, watau huda ramuka a jikin ginshiƙi. Ta cikin ramin ne sandar za ta riƙa shiga tana fita, tsawon ramin daga ƙasa kuwa shi ke ba dutse karkatarsa. Masu lissafi sun gane cewa in nisa santimita 30 ne, tashin santimita 8 yana ba da digiri 15, tashin santimita 11 yana ba da digiri 20, tashin santimita 14 kuma yana ba da digiri 25. Amma kafin a huda, sai an ƙara abu biyu a kan waɗannan: kaurin matashi, da nisan da ke tsakanin fuskar dutse da tsakiyar sanda.

Ga misali. Matashi santimita 4 ne. In daga fuskar dutse zuwa sanda santimita 3 ne, an sami 7. To, 7 da 8 sun zama 15, 7 da 11 sun zama 18, 7 da 14 kuma sun zama 21. Sai a auna daga saman gindin gado, a huda ramuka uku a santimita 15, da 18, da 21. A yi su da ɗan faɗi fiye da sandar, don ta sami damar juyawa dama da hagun. A rubuta digirin kowane rami a gefensa. Shi ke nan, gado ya haɗu.

Yadda A Ke Washi Da Shi

A ajiye gadon a kan tebur mai ƙarfi, a danne shi da abu mai nauyi. A ɗaure wuƙa, a zura sanda a ramin da a ke so. A jiƙa dutse da ruwa, domin ruwa ke kwashe garin ƙarfe, ya hana fuskar dutse toshewa. Yana da kyau a shafa wa bakin wuƙa tawada kafin a fara. In an yi guga biyu ko uku, sai a duba. Inda tawada ta goge, nan dutse ya ke ci. In ta goge har bakin kaifi, karkata ta yi daidai.

Sai a riƙa tura dutse gaba a hankali, ana bi da shi daga gindin wuƙa zuwa tsininta. Ba a bukatar danna shi da ƙarfi, nauyin hannu ya isa. In wuƙar doguwa ce, a wasa rabi, a kwance noti, a gusa ta, a wasa sauran.

Yaya za a san fuska ɗaya ta isa? In dutse ya kai ƙarshen baki, wani ɗan siririn ƙarfe ya kan lanƙwaso ta ɗaya fuskar, kamar ƙaiƙayi. Babba yana iya jinsa in ya shafo yatsa a hankali daga bayan wuƙa zuwa bakinta. Ba a bin tsawon kaifi da yatsa ko kaɗan. In ƙaiƙayin nan ya fito tun daga gindi har tsini, sai a juya wuƙa, a yi wa ɗaya fuskar kamar yadda aka yi wa ta fari. Daga nan a koma ga dutse mai laushi, ko samfefa mai babbar lamba, a yi 'yan guga kaɗan a kowace fuska.

Daga ƙarshe a kwance wuƙa, a goga ta a kan fata, kamar yadda wanzami ya ke yi wa askarsa. A nan baya da baya a ke jan ta, don kada ta yanke fatar. Wannan shi ke cire sauran ƙaiƙayin. In ana so a gwada kaifi, a yanka takarda ko tumatir. In ta ratsa ba tare da dannawa ba, aiki ya yi kyau.

Wani zai ce injin washi ya fi sauri. Gaskiya ne, amma saurinsa yana da haɗari. Dutsen inji yana zafafa bakin wuƙa, in kuwa zafi ya yi yawa har ƙarfen ya soma yin shuɗi, taurinsa ya tafi, ba zai ƙara riƙe kaifi ba. Gadon washi ba ya ƙona ƙarfe, ba ya kuma cinsa fiye da kima. Sannu ba ta hana zuwa.

Rabon Aiki

Wannan aiki na yaro da babba ne tare. Yaro ya auna, ya ja layi, ya yi lissafin ramuka, ya goge katako. Yanka da zarto, da ɗaura wuƙa, da taɓa kaifi kuwa na babba ne, mahaifi ko wa ko malamin sana'a. In an gama, a wanke wuƙa, a shanya ta, a mayar da ita kube, a ajiye inda ƙananan yara ba su kaiwa. A gaya wa mutanen gida an wasa ta, don kada wani ya ɗauka da sakaci.

Yaron da ya taya yin gadon washi ya ga amfanin lissafin da ya koya a aji. Da rula da fensir ya sa guntun katako ya yi abin da hannu ba ya iyawa sai bayan shekaru. Wuƙar gidansu za ta daɗe ba ta ƙare ba, yatsun mahaifiyarsa za su tsira, ragon Layya kuma ba zai wahala ba.

Tambayoyi

1. Don me dakusasshiyar wuƙa ta ke da haɗari?
2. Digiri nawa ya dace da wuƙar girki?
3. Mene ne amfanin zuba ruwa a kan dutsen washi?
4. In kaurin matashi santimita 5 ne, daga fuskar dutse zuwa sanda kuma santimita 2, a santimita nawa za a huda ramin digiri 20?
5. Waɗanne ayyuka ne na yaro, waɗanne ne kuma na babba?