Yis Ɗin Daji da Tsofaffin Gangunan Beljiyam

Ni ba mashayin giya ba ne, kuma ba tallarta na zo yi ba. Darasin ƙwayoyin halitta ne ya kai ni ga wani nau'inta da ake kira lambic, wanda ake dafawa a birnin Brussels da ƙauyukan Pajottenland na ƙasar Beljiyam.

Tun 1883, lokacin da Emil Christian Hansen ya keɓe yis tsantsa guda ɗaya a masana'antar Carlsberg ta Denmark, masu dafa giya suka koma ga yis ɗin da suka san halinsa. Mutanen lambic suka ƙi bin sahu. Sukan dafa tsiron sha'ir da ɗanyar alkama, su juye ruwan a wani faffaɗan faranti marar zurfi a saman bene, su buɗe tagogi, ya kwana yana hucewa. Abin da iska ta kawo, da wanda ya daɗe maƙale a katakon rufi, shi zai faɗa ciki. Da safe sai a ɗura a gangunan itacen oak, inda zai zauna shekara 1 zuwa 3.

A cikin gangar ake karɓa-karɓa. Yis na yau da kullum zai cinye sukari mai sauƙi ya lafa, bakteriya masu kawo tsami su biyo baya, sannan bayan watanni Brettanomyces ya karɓi ragama. Wannan yis ɗin daji, wanda Hjelte Claussen ya bayyana a 1904, ba ya gaggawa. Yana cin ragowar sukarin da ya gagari na farko, yana shigewa ƙofofin katako ya ɓuya, har wankin ganga ba ya raba shi da ita. Warin da yake bari, masu ɗanɗano na kwatanta shi da bargon doki da garke. Masu giyar inabi aibi suke ɗaukarsa, suna kashe kuɗi su kore shi. A Brussels kuwa shi ake nema. Abincin wani, gubar wani.

Sai dai sana'ar ta dogara da sanyin dare, shi ya sa ake dafawa daga wajen Oktoba zuwa Afrilu kawai. In dare ya yi ɗumi, ƙwayoyin da ba a so ne ke rinjaye. A kakar 2015 gidan Cantillon, wanda aka kafa a 1900, ya dakatar da aiki har ya zubar da wasu dahuwa saboda sanyi ya ƙi sauka. Ɗumamar yanayi na cin kwanakinsu ta farko da ta ƙarshe.

Da nake karanta wannan, ƙwaryar kindirmon kakata ce ta faɗo mini a rai. Ba ta taɓa yarda a haɗa mata nono a sabuwar ƙwarya ba, mu kuwa muna ɗauka camfi ne. Ashe jikin tsohuwar ƙwarya, kamar na gangar oak, gida ne na ƙwayoyin da ke ba nono tsaminsa. Yanzu bokitin roba ya fara maye gurbinta a kasuwanninmu, ɗalibanmu kuma kan yi rubutun kammala digiri a kan nono ba tare da sun tambayi mai tallar a wane mazubi ya kwana ba.