Abin da Ke Cikin Cajar Waya

A ƙauyenmu, kusa da Dambatta, wana yana sana'ar cajin waya da faifan hasken rana da batirin mota. Ran nan ƙanena ya haɗa wayar wani manomi da batirin ba tare da caja ba, nan take ta ƙone. Sai da wana ya sayar da akuya ya biya. Wannan ya sa na tambayi malaminmu na kimiyya dalili.

Ashe batirin bolt 12 yake bayarwa, waya kuwa bolt 5 take bukata. Tsohuwar dabarar ragewa ita ce a mai da rarar bolt 7 zafi, watau fiye da rabin wutar ya tafi a banza.

Cajar zamani kuwa tana da transista mai kunna wuta da kashewa sau dubbai cikin daƙiƙa guda, kamar yadda manoman rani a madatsar Tomas ke buɗe wa fangali ruwa su toshe. In ta kunna, naɗaɗɗen zaren tagulla ya tara ƙarfi. In ta kashe, ya sako shi, kafasita ta daidaita gudunsa. Idan kunnawar ta ɗauki kashi 5 cikin 12 na lokacin, sai a sami bolt 5, asara kaɗan. Cikin wayar ma akwai irinta, mai rage wutar zuwa wajen bolt 1 don ƙwaƙwalwarta.

Saboda haka, 'yan'uwa da iyaye, kada a tsallake caja. Rigakafi ya fi magani.