Kafin A Ɗaura Bel Tsakanin Duwatsun Birnin Kudu: Abin Da Lambar "kN" Ke Nufi

A watan Yulin 2024, bidiyon wani ɗan ƙasar Estoniya mai suna Jaan Roose ya zaga wayoyin duniya. Mutumin ya hau wani siririn bel da faɗinsa bai kai santimita 2 ba, wanda aka ɗaura daga gaɓar Italiya zuwa tsibirin Sisili, tsawon mita 3,646 a saman teku. Ya yi kusan awa uku yana takawa. Saura kimanin mita 80 ya isa, sai ƙafarsa ta zame. Bai faɗa ƙasa ba, domin gajeriyar igiyar da ke ɗaure a ƙugunsa ta riƙe shi. Ya sake hawa, ya ƙarasa.

Masu kallo jarumtarsa suka gani. Amma abin da ya mayar da shi gida da ransa kayan aiki ne da aka gwada, aka san iya nauyin da kowannensu zai ɗauka kafin ya tsinke. Wannan ɓangaren ne bidiyon daƙiƙa talatin na TikTok ba ya nunawa.

Matashin da ya kalli irin wannan bidiyo a Birnin Kudu, da ya ɗaga kai zai ga manyan duwatsu suna kallon juna, ga itatuwan darbejiya da mangwaro a ko'ina. Bel ma ba wuyar samu yake ba, tunda da shi motoci ke ɗaure buhunan hatsi a ranar kasuwar Sara ta ƙaramar hukumar Gwaram. Da ganin ido, kayan sun haɗu. Sai dai kallon kitse ake wa rogo, kuma lissafi kaɗan ya isa ya nuna dalili.

Asalin wasan

Sunan wasan silaklayin, wato tafiya a kan bel mai ɗan sassauci da aka ɗaura tsakanin abubuwa biyu. Idan aka kai shi can sama, tsakanin duwatsu ko dogayen gine-gine, sai ya koma hailayin. Masu hawan dutse ne suka ƙirƙiro shi a Amurka wajen ƙarshen shekarun 1970 zuwa farkon 1980, kuma sunayen da aka fi dangantawa da farkonsa su ne Adam Grosowsky da Jeff Ellington. A 1985 Scott Balcom ya taka bel zuwa tsinin dutsen Lost Arrow da ke gandun Yosemite, tafiyar da ta fito da hailayin idon duniya. A 2015 aka kafa ƙungiyar wasan ta duniya, ISA, mai mazauni a Suwizalan, wadda daga cikin aikinta akwai shimfiɗa ƙa'idojin gwajin kaya.

Tsarin hailayin na yau bai yarda a dogara da abu guda ba. Bel biyu ake shimfiɗawa, na takawa da na ko-ta-kwana a ƙarƙashinsa. Mai tafiya yana sanye da ɗamarar tsaro, an ɗaura mata igiya, igiyar kuma tana maƙale da zobban ƙarfe da suka zagaye bel ɗin biyu. In ɗaya ya tsinke, ɗayan na nan.

Me kN ke nufi?

Duk kayan da aka ƙera don riƙe ɗan Adam, za a ga lamba a jikinsu da haruffan kN. Ma'aunin ƙarfin ja ne da ake kira kilonutin. A sauƙaƙe, kN 1 ya yi daidai da jan da nauyin kilo 100 ke yi, wato buhun siminti biyu. Madaurin hawan dutse da aka rubuta wa kN 22 yana ɗaukar nauyin kusan buhun siminti 44 kafin ya tsinke.

Akwai wasu haruffan da ke ruɗa mutane. MBS na nufin ƙarfin da kaya zai kai kafin ya karye, lokacin da yake sabo fil. WLL kuwa nauyin da aka yarda a ɗora masa ne a aikin yau da kullum, kuma yana ƙasa da na farkon nesa ba kusa ba. A ƙa'idar Turai, majanyin zare da injin ɗaga kaya ke amfani da shi dole ƙarfin tsinkewarsa ya ninka nauyin aikinsa sau 7. Wannan ratar ita ce ke shanye tsufa, da gogewa, da fizgar da ba a zata ba.

Lissafin da waya za ta yi a minti ɗaya

Tambayar da ke biyo baya ita ce: mutum mai kilo 70, me zai yi da bel mai ɗaukar tan biyu ko uku? Amsar tana cikin igiyar shanya. Kowace uwar gida ta san cewa idan aka ja igiyar shanya ta yi tauri sosai, aka rataya jiƙaƙƙen bargo a tsakiya, ƙusar bango ce ke fita. Idan igiyar na da sassauci, ƙusar ba ta motsi. Bargon ɗaya ne, abin da ya canza shi ne yadda igiyar ta lotsa.

Ga yadda ake kimanta shi idan mutum na tsaye a tsakiyar bel. A ninka nauyinsa da tsawon bel ɗin, sannan a raba da ninki huɗu na zurfin lotsawar da bel ɗin ya yi a ƙarƙashinsa. Mutum mai kilo 70 a kan bel mai mita 20, idan ya lotsa mita 1, kowane gefe na jin jan kilo 350. Idan aka ƙara ɗaurewa har lotsawar ta koma rabin mita, jan ya zama kilo 700. Idan ta koma santimita 25, ya kai kilo 1,400, wato buhun siminti 28 a jikin kowace bishiya, kimanin kN 14. Wannan fa mutumin tsaye yake cik. Tsalle ko faɗuwa na ƙara wa lambar.

Ke nan sabon shiga da ke ta ƙara ɗaure bel don ya daina rawa, shi ke tura kayansa bakin karyewa bai sani ba. Ƙwararru ba sa tsayawa ga kimantawa. Suna saka na'urar awo tsakanin bel da madogararsa. Ɗaya daga cikin sanannun ita ce LineScale, wadda ke aika lambar zuwa waya ta Bluetooth, mutum yana gani a manhaja yadda jan ke hawa da sauka da kowane taku.

Yadda ake gwada kaya

Hanya ɗaya ce ta sanin ƙarfin kaya: a karya shi. Ana maƙala shi a inji mai ja da ƙarfin mai, irin tsarin jak ɗin mota, na'urar awo tana rubuta lamba har ya tsinke. Ba a kan guda ɗaya ake tsayawa ba. Ana karya da yawa, a ɗauki matsakaicin sakamakon, sannan kamfanonin kirki su rage shi gwargwadon bambancin da suka gani tsakanin samfuran, don lambar da za a buga ta dace har da mafi rauninsu. Mai son ganin wannan da idonsa ya duba tashar HowNOT2 ta Ryan Jenks a YouTube, wadda ta fara da koyar da hailayin, ta kuma shahara da karya kaya a gaban kyamara.

Irin waɗannan gwaje-gwaje sun nuna cewa lambar da ke jikin kaya tana da sharaɗi. Misali ƙugiyar hawan dutse mai ƙofa, wadda ake kira karabina. A ƙa'idar Turai ta EN 12275, irin ta yau da kullum dole ta ɗauki aƙalla kN 20 idan aka ja ta ta tsawonta, ƙofa a rufe. Idan ta juya aka ja ta ta faɗi, ko ƙofar ta buɗe, kN 7 kawai ake buƙatar ta ɗauka. A kwatanta da kN 14 na lissafin baya. Shi ya sa masu silaklayin ke guje wa karabinar alminiyom a wurin da bel ke ja, tunda ja da sakin da ake yi dubban sau yana gajiyar da ƙarfen. Suna amfani da mariƙin baƙin ƙarfe mai siffar kofaton doki da ake rufewa da noti. Ƙulli ma na cin ƙarfin igiya ko bel, daga kashi ɗaya cikin huɗu har zuwa rabi, gwargwadon irinsa.

Gwajin gida na "na hau ban faɗi ba" bai tabbatar da komai ba. Ya nuna dai kayan sun ɗauki wannan nauyin sau ɗaya, ba su ce za su ɗauki fizgar faɗuwa gobe ba.

Bel ɗin mota da ƙugiyar makulli

Bel ɗin ɗaure kaya na kirki yana da ɗan ƙyalle ɗinke a jikinsa mai ɗauke da haruffan LC da lamba, kamar 2,500 daN, wato kusan kilo 2,500. Wanda ake tallatawa da sunan "tan 5" sau da yawa shi ne wannan ɗin, domin ana samun tan 5 ne idan an zagaya shi ya zama riɓi biyu. Ƙa'idarsa ta EN 12195-2 ninki biyu kawai ta nema tsakanin nauyin aiki da karyewa, kuma a kan ƙyallen an rubuta cewa ba na ɗaga kaya ba ne. Abin da ba a yarda ya ɗaga buhu sama ba, ba zai zama na rataya mutum a kan rami ba. Wanda ƙyallensa ya cire ko bai taɓa zuwa da shi ba, babu wanda ya san lambarsa.

Haka ƙananan ƙugiyoyi masu launi da ake rataya makulli ko gorar ruwa. Siffarsu ta karabina ce, amma babu kN a jikinsu, wasu ma an buga musu "Not for climbing", wato ba na hawa ba ne. A shagunan intanet kuma, buga lamba a jikin ƙarfe ba wuya. Kayan gaske suna zuwa da sunan kamfani, da lambar ƙa'idar da aka gwada su a kai, da takardar bayanin amfani. Araha ba ta ado.

Lahanin da ido ba ya gani

Ranar Jigawa ba ta raga wa zaren roba. Haskenta na cin nailan da foliyesta a hankali, launi ya koɗe, zaren ya bushe, ƙarfi ya ragu. Bel ɗin da ya yi shekara a bayan mota yana shan rana da ƙura ba shi ne wanda aka gwada a masana'anta ba. Ruwan batir ya fi haka muni, domin yana lalata nailan ba tare da barin tabo a fili ba, ga shi yanzu gidaje da shaguna cike suke da batiran sola.

Ƙwarewa ba ta kare mutum daga wannan. A watan Oktoban 2006, Todd Skinner, ɗaya daga cikin shahararrun masu hawan dutse na Amurka, ya rasu a Yosemite lokacin da madaukin gaban ɗamararsa, wanda ya riga ya goge, ya tsinke yana saukowa. Darasin ya shafi har masu shiga rijiya, da masu ɗora farantin sola a kan rufi, da masu hawa turken sadarwa: igiyar da ta goge ko ta taɓa sinadari, yankawa ake yi a zubar.

Dutse mai amo ba madogara ba ne

Ko da kaya sun cika, saura abin da za a ɗaura su a jiki. Birnin Kudu ta shahara da zanen shanu na mutanen da a Dutsen Mesa da Dutsen Habude, da kuma duwatsu masu amo kamar ƙararrawa idan an buga su, waɗanda masanin kayan tarihi Bernard Fagg ya ba da rahotonsu a tsakiyar shekarun 1950. Abin da ke sa dutse irin wannan amo shi ne ya rabu da uwar dutsen, akwai sarari a ƙarƙashinsa ko a bayansa.

Masu kafa ƙusar hailayin su ma suna ƙwanƙwasa dutse da guduma kafin su huda, amma amon da suke gudu ke nan. Sautin holoƙo na nufin ɓawo ne da zai iya ɓallowa tare da ƙusar. Kuma ba sa dogara da ƙusa ɗaya, sukan kafa uku ko huɗu a kowane gefe su raba musu nauyi. Ban da haka, wuraren zanen Birnin Kudu kayan tarihi ne na ƙasa a ƙarƙashin hukumar kula da gidajen tarihi ta tarayya, ba wurin da za a kai injin huda ba ne.

Ga mai son farawa

Wasan na da daɗi kuma yana horar da jiki, kuma a ƙasa kowa ya fara shi. Bel na koyo da aka ƙera don silaklayin, mai faɗin santimita 5, ana ɗaura shi tsawon mita 5 zuwa 8, a tsayin gwiwa, a kan rairayi ko ciyawa. A zaɓi rayayyiyar bishiya da kaurinta ya kai aƙalla santimita 30, wadda gara ba ta ci ba, a naɗa mata tsohon bargo don kare ɓawonta da bel ɗin. Ƙarfen da ake ɗaure bel da shi a haɗa shi da wata igiya daban zuwa bishiyar, domin idan wani abu ya tsinke, shi ne ke tashi kamar harsashi zuwa kan mai takawa ko yaran da ke kallo.

Hailayin kuwa ba a koyonsa daga waya. Ana koyonsa ne a hannun waɗanda suka daɗe suna yi, da kayan da aka gwada, kuma ko su ba sa taka bel sai abokin tafiya ya duba ƙullin da ke ƙugunsu. Kafin a sayi kowane kaya, a ɗauki hoton lambar da ke jikinsa, a nemo takardar kamfanin a intanet, a buɗe kalkuleta a yi lissafin lotsawa. Idan babu lamba, a bar shi a kasuwa.